Yabo Ba Suna: Lacca a Kan Sonet ta 18 ta William Shakespeare

  

Abin da zan yi magana a kansa yau ƙarami ne a ido. Waƙa ce mai ɗango 14, wadda mai karatu a tsanake zai kammala cikin kamar minti ɗaya. William Shakespeare ne ya rubuta ta, aka buga ta a Landan a shekarar 1609 cikin wani ɗan littafi mai waƙoƙi 154. Ba ta da take, lamba kawai gare ta, ita ce ta 18 a jerin. Wasu daga cikin matasan da ke wannan ɗaki sun riga sun yi arba da ita, domin tana cikin waƙoƙin da hukumar WAEC ta sa wa ɗaliban adabin Ingilishi daga 2016 zuwa 2020. A ƙasashen da Ingilishi yake harshen gida kuwa, in ka tare mutum ka ce ya ambato maka tsohuwar waƙar soyayya guda ɗaya, da wuya bai fara da ita ba. Ana karanta ta a wurin biki, ana karanta ta a wurin binne mamaci.

Ba zan rera ta ba, ba kuma zan fassara ta ɗango bayan ɗango ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma duk mai son jin ta zai same ta cikin sauƙi. Ni tambaya ɗaya ce ta kawo ni. Yaya aka yi waƙar da ake ɗauka sarauniyar waƙoƙin soyayya na Ingilishi ta ƙi gaya mana komai game da wanda ake so? Ba suna, ba launin ido, ba tsayi, ba gari, ba dangi. Ko kalmar nan da kowane saurayi yake fara wasiƙarsa da ita, wato cewa yana so, mawaƙin bai furta ta ba. Amma ga shi shekara 400 da ɗoriya mutane suna jin ƙauna a cikinta har idonsu ya kawo ruwa. Ina ganin wanda ya gane dalilin haka ya gane matsayinta a adabi.

Kafin mu shiga cikinta, sai mun gyara wata fahimta, in ba haka ba za mu yi ta karatu muna jin baƙon abu. Waƙar ta ginu ne a kan kamanta masoyi da yini ɗaya na bazarar Ingila. Bahaushen da ya san zafin Afrilu a Sakkwato ko Damagaram, lokacin da ƙasa take ƙuna, rijiya take ja da baya, zai yi mamakin wannan yabo. To bazararsu daban ce. A Landan, a tsakiyar Disamba, hasken rana bai fi awa 8 ba a yini. A ƙarshen Yuni yana haura awa 16. Zamanin Shakespeare kuma zamani ne na tsananin sanyi a Turai. A farkon 1608, shekara guda kafin a buga waƙar, kogin Thames ya daskare har mutane suka kafa rumfunan ciniki a kan ƙanƙarar. Mutumin da ya shafe watanni cikin duhu da hayaƙin murhu, in Yuni ya zo masa da ɗumi da fure da dogon yini, ji yake kamar an sake shi daga kurkuku. Abin da ya fi kusa da wannan a wurinmu shi ne makonnin farko na damina, ranar da aka kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi, shuka ta tsiro, ƙasa tana ƙamshi. Ku riƙe wannan yanayi a zuciya, shi mawaƙin yake nufi.

Shi zubin waƙar, wanda ake kira sonet, ba a Ingila aka haife shi ba. A tsibirin Sisili ya fito wajen shekarun 1230, a fadar sarki Frederick na Biyu, kuma wani magatakardan fada mai suna Giacomo da Lentini ake danganta ƙirƙirarsa gare shi. Wanda ya ɗaukaka shi har ya mamaye Turai shi ne Francesco Petrarca, mutumin Italiya, wanda ya rayu daga 1304 zuwa 1374. Ya ce ya fara ganin wata mace mai suna Laura a wata majami'a a garin Avignon ranar 6 ga Afrilu, 1327. Bai same ta ba. Ta rasu a 1348, shekarar babbar annoba, shi kuwa ya ci gaba da yi mata waƙa har ƙarshen ransa. Kundinsa yana da waƙoƙi 366, daga ciki 317 sonet ne. Daga gare shi mawaƙan Turai suka gaji wata al'ada: mace mai gashi kamar zinariya, ido kamar taurari, kumatu kamar fure, da namiji mai ƙonewa cikin bege.

Mutum biyu suka shigo da zubin Ingila a zamanin sarki Henry na Takwas: Thomas Wyatt, jakadan da ya je Italiya a 1527, da Henry Howard, mai sarautar Surrey, wanda sarkin ya sa aka fille wa kai a 1547. An buga waƙoƙinsu a 1557, bayan dukansu sun mutu. Sai a 1591, da aka fitar da sonet 108 na Philip Sidney, abin ya zama yayi. Cikin 'yan shekaru Samuel Daniel ya fitar da nasa, Edmund Spenser ya fitar da nasa, kowa yana yi wa budurwarsa waƙa. Cikin wannan kasuwa mai cunkoso Shakespeare ya shigo. A 1598 wani marubuci, Francis Meres, ya ambaci cewa sonet ɗinsa suna yawo a hannun aminansa, a rubuce da hannu.

Ɗaliban rubutacciyar waƙar Hausa za su gane tsarin nan da nan. Baiti uku ne 'yan ƙwar huɗu, sai ɗan ƙwar biyu guda ya rufe. A kowane ɗan ƙwar huɗu, ɗango na farko yana amsa-amo da na uku, na biyu da na huɗu. A na ƙarshen kuwa ɗangogin biyu suna amsa wa juna. Babu babban amsa-amo da ke bin waƙar daga farko har ƙarshe kamar yadda muka saba a ƙasidunmu. Dalili shi ne Ingilishi ba shi da yalwar kalmomi masu ƙarewa iri ɗaya kamar Italiyanci, saboda haka Surrey ya sassauta dokar, ya ba mawaƙi amo bakwai maimakon huɗu ko biyar. Kari ma ya bambanta da namu. Mu da muka gaji aruli daga Larabawa nauyin gaɓa muke aunawa. Su ƙarfin bugun murya suke ƙirgawa. Kowane ɗango gaɓa 10 ne, mai rauni sannan mai ƙarfi, har sau biyar. Duka waƙar ke nan gaɓa 140 ce ko kusa da haka. A cikin wannan ƙunci ake so mawaƙi ya kawo magana, ya juya ta, ya yanke hukunci.

Yanzu mu matsa kusa. Ya buɗe da tambaya, yana shawara da kansa ko ya dace ya yi wannan kamantawa. Wanda ya saba da waƙoƙin zamanin zai gyara zama yana jiran jerin gashi da ido da leɓe. Sai mawaƙin ya ba da amsa a ɗango na biyu, ya ce masoyin ya fi wannan yini kyau, ya kuma fi shi daidaito. Siffa biyu ke nan, kuma su ne kaɗai yabon da masoyin ya samu kai tsaye a duka waƙar. Ku lura da ta biyun. Bai yabi zafin so ba, bai yabi ƙyalli ba, natsuwa ya yaba, halin da ba ya hawa da sauka. Mutumin da ya zaɓi wannan siffa daga cikin dubu ya zauna da wanda yake yabo, ya ga yadda yake da safe da yadda yake da yamma.

Daga nan har ɗango na takwas ya kau da kai daga masoyin, ya koma yana tuhumar bazarar kanta, kamar mai gabatar da ƙara a gaban alƙali. Iska tana dukan furen da bai gama buɗewa ba. Lokacin gajere ne. Rana wani sa'in ta yi zafi fiye da kima, wani sa'in gajimare ya rufe ta. A nan akwai wata siffa da nake so mu tsaya a kanta. Wajen nuna gajartar lokacin, harshen masu haya ya ara: ya mai da bazara 'yar haya wadda wa'adinta ya kusa cika. Wannan ba baƙon harshe ba ne a bakinsa. Shakespeare mutum ne mai lissafin dukiya. A 1597 ya sayi ɗaya daga cikin manyan gidajen garinsu, Stratford. A 1605 ya biya fam 440 ya karɓi hayar wani kaso na ushirin amfanin gonakin yankin. Ya san takardar haya, ya san ranar da mai gida yake zuwa ya ce a tashi. Da wannan siffa ɗaya ya shigo da tsoro cikin waƙar yabo: duk kyan da ido yake gani aro ne, kuma mai abu zai zo karɓar abinsa.

A ɗango na bakwai da na takwas ya faɗaɗa tuhumar, ta tashi daga kan bazara ta hau kan kowane abu mai kyau. Ko tsautsayi ya rage shi, ko tafiyar halitta ta rage shi a hankali. To ai masoyin ma yana cikin kowane abu. Mawaƙin da ya fito yabo ya kawo kansa bakin rami, domin hujjar da ya kafa ta kama wanda yake karewa. Mutuwa rigar kowa ce, ya faɗa da bakinsa.

Sai juyi ya zo a ɗango na tara, daidai inda Italiyawa suke juya tasu, duk da cewa da amon Ingila yake tafiya. Ya ce shi wannan masoyi bazararsa ba za ta dushe ba, kyansa kuma mallakarsa ne, ba aro ba. Ya mutunta mutuwa, ya mai da ita wani mai cika baki wanda ba zai sami damar yin alfahari da wannan ganima ba. Mai sauraro zai ce, da wane ƙarfi? Ya ɓoye amsar har ƙarshen baiti na uku, sannan ya buɗe ta sarai a ɗan ƙwar biyun: waƙar nan da kuke ji ita ce za ta riƙe shi. Kuma a ɗangogin nan biyu na ƙarshe ya yi wani abu da kunne yake ji kafin hankali ya gane. Kalma 20 ce, kowace gaɓa ɗaya gare ta. Ya ajiye zinariya da furanni da duk adon da ya fara da shi, ya koma kalmomin da yaro ƙarami ya sani, irin su numfashi da ido da rai. Karin ya zama kamar takun mai tafiya a hankali. A wurina nan ne ƙaunar ta fito fili, domin mutum ba ya neman ado in zai faɗi maganar da ta fi nauyi a ransa.

Na san akwai waɗanda zuciyarsu za ta yi turjiya a nan, su ce dawwama ta Allah ce shi kaɗai, ɗan Adam bai isa ya yi alkawarinta ba. Gaskiyarsu. Amma a duba waƙar da kyau, za a ga mawaƙin ya gindaya sharaɗi. Alkawarin nasa yana aiki ne muddin akwai mutane masu numfashi da idanu masu karatu. Ranar da aka rasa mai karatu, alkawari ya faɗi. Ambato yake nufi a bakin mutane, abin da mu ma muke roƙa wa magabatanmu in mun ce Allah ya sa sunansu kada ya ɓace.

To wane ne wannan masoyi? A nan ne mutane da yawa suke mamaki. Yawancin masana sun tafi a kan cewa waƙoƙi 126 na farko a littafin wani saurayi aka yi wa, mai kyau, mai asali, wanda ya girmi mawaƙin a matsayi ko da mawaƙin ya girme shi a shekaru. Daga ta 127 zuwa ta 152 ne wata mace mai baƙin gashi da baƙin ido ta shigo. Thomas Thorpe, wanda ya buga littafin, ya sadaukar da shi ga wani mutum da ya ambata da haruffa biyu kawai, W. da H. An yi ta nuna yatsa ga Henry Wriothesley mai sarautar Southampton, wanda Shakespeare ya sadaukar wa dogayen waƙoƙinsa biyu a 1593 da 1594, da kuma William Herbert mai sarautar Pembroke. Dukansu an san sun taɓa kauce wa auren da manya suka shirya musu. Har yau ba a yanke ba. Haka kuma malamai sun daɗe suna muhawara kan irin ƙaunar: ta aminci ce, ko ta bara da ubangidansa, ko wadda ta zarce haka. Kowane ɓangare yana da abin kafa hujja a cikin littafin. Ita dai ta 18 ba ta nuna ko namiji ake wa magana ko mace ba, shi ya sa aka iya cire ta daga cikin 'yan'uwanta ta zama ta kowa.

Amma wanda ya karanta ta a mazauninta zai ga wani abin da ya fi wannan muhawara amfani. Waƙoƙi 17 da suka gabace ta kusan magana ɗaya suke nanatawa, irin wadda iyaye suke yi wa ɗansu da ya ƙi ajiye iyali: ka yi aure, ka haifu, domin kyanka ya wuce ga ɗanka kafin tsufa ya cinye shi. A ta 15 mawaƙin ya fara raɗa wata dabara, ya siffanta kansa da mai lambu da zai yi wa itace aure don ya sabunta shi. A ta 17 yana kokwanto, yana tsoron cewa mutanen gaba za su ɗauki yabonsa ƙaryar mawaƙa, sai in akwai ɗa a raye da zai zama shaida. Da ya iso ta 18 sai maganar aure da haihuwa ta ɓace ɗungurum. Ya daina roƙon saurayin ya ceci kansa, ya ɗauki aikin a kansa. Wannan ce ranar da mai nasiha ya gane cewa shi ma ya kamu, kuma ba shi da abin bayarwa sai sana'arsa.

Kirarin cewa waƙa ta fi dutse daɗewa ba Shakespeare ya fara shi ba. Horace na Rum ya yi shi tun kafin haihuwar Annabi Isa, Ovid ya rufe babban littafinsa da shi, kuma duk ɗan makarantar nahawu a Ingila ta wancan zamani ya karanta su da Latin. Larabawa ma sun san shi. Zuhairu ɗan Abi Sulma, ɗaya daga cikin ma'abota Mu'allaƙat, ya yabi Harimu ɗan Sinan, wanda shi da wani dattijo suka ɗauki nauyin diyya don a kashe wutar yaƙin Absu da Zubyana. Malaman adabin Larabci suna ba da labarin cewa Sayyidina Umar ya tunatar da zuriyar Harimu cewa dukiyar da suka ba mawaƙin ta ƙare, abin da shi ya ba su kuwa yana nan. Mu ma ba sai mun je nesa ba. Matashin da bai taɓa taka ƙasar Isa ba ya san sunan Sarkin Gobir Ahmadu saboda Narambaɗa, kuma waƙarsa Bakandamiya kanta rabinta kirarin mawaƙi ne ga fasaharsa.

Ga inda hanya ta rabu. Zuhairu ya faɗi sunan Harimu. Narambaɗa ya faɗi sunan ubangidansa da na kakanninsa. Petrarca ya bar mana sunan Laura da ranar da ya gan ta. Shakespeare ya yi alkawarin da ya fi nasu girma, sannan ya riƙe sunan. Akwai masu sharhi da suke ganin wannan son kai ne, cewa waƙar kanta take yabo, masoyin tsani ne kawai. Ban yarda da su ba, kuma ga dalilina. Da ya faɗi suna da kamanni, da yau waƙar ta zama kayan tarihi, mu riƙa leƙa ta kamar hoton wani baƙon basarake a bango. Abin da ya adana shi ne yadda ake ji in ana kallon wanda ake so alhali an san lokaci zai ɗauke shi. Wannan ji ba ya tsufa, kuma kowa yana da fuskar da zai sa a gurbin da aka bari. Uwa tana iya karanta ta da ɗanta a zuciya, miji da matarsa, almajiri da malaminsa da ya rasu. Shi ya sa ta dace da biki ta kuma dace da makabarta.

Kada kuma a ɗauka mutumin bai san ƙarfin abin da yake ja da shi ba. A shekarar da aka haife shi, 1564, annoba ta kashe fiye da mutum 200 a ɗan garinsu. Ta sa an rufe gidajen wasan kwaikwayo na Landan a mafi yawan lokacin da ke tsakanin 1592 da 1594, ta dawo a 1603 ta ɗauke kimanin mutum 30,000. A Agustan 1596 aka binne ɗansa namiji tilo, Hamnet, yana da shekara 11. A cikin littafin ma bai tsaya kan kirarin ba. Waƙa ta 126, wadda ta rufe sashen saurayin, ɗango 12 gare ta maimakon 14, kuma a bugun 1609 an bar gurbin ɗango biyun a buɗe, ba komai a ciki sai baka. Abin da take faɗi shi ne halitta za ta iya jinkirta biyan bashinta ga lokaci, amma dole wata rana ta biya, kuma saurayin ne abin biyan. Mai karanta ta 18 ba tare da ta 126 ba ya ji rabin zance.

Sharaɗin nan na mai karatu ya kusa cin waƙar. Littafin 1609 bai yi kasuwa ba. Ba a sake buga shi ba har marubucin ya rasu a 1616, kuma kwafi 13 ne kawai suka iso zamaninmu. Da abokan aikinsa suka tattara wasanninsa a babban kundin 1623, ba su sa sonet ɗin a ciki ba. A 1640 wani mai buga littattafai, John Benson, ya sake fitar da su, amma ya hargitsa jerin, ya haɗe wasu da wasu, ya laƙaba musu take, a wasu wurare ya mai da namiji mace. Ya kuma zubar da guda takwas, kuma ta 18 tana cikin waɗanda ya zubar. Bugun Benson ne ya fi yawo har shekara 140, sai a 1780 Edmond Malone ya koma ga asali ya daidaita su. Duk da haka a 1793 wani babban editan ayyukan Shakespeare, George Steevens, ya ƙi sa su a bugunsa, yana ganin ko dokar majalisa ba za ta sa mutane su karanta su ba. Mawaƙan farkon ƙarni na 19, irin su Wordsworth da Keats, su suka dawo wa sonet da martabarsa. A 1861 Francis Palgrave ya sa ta 18 cikin zaɓaɓɓun waƙoƙinsa, Golden Treasury, littafin da ya shiga makarantu a Ingila da ƙasashen da ta mallaka. Shaharar da muke gani yau ba ta kai rabin shekarun waƙar ba.

Zubin kuwa ya ci gaba da sauya hannu. Elizabeth Barrett Browning ta fitar da sonet 44 a 1850, ta yi su ne ga mutumin da ta aura a ɓoye a 1846 ba da yardar mahaifinta ba. A zubin da aka saba yi wa mace waƙa tana shiru, sai ga mace ta karɓi magana. A 1919, shekarar da aka yi ta kai wa baƙaƙen fata hari a biranen Amurka, Claude McKay, haifaffen Jamaika, ya ɗauki wannan tsari na Shakespeare ɗin, baiti uku da ɗan ƙwar biyu, ya zuba masa kiran a tashi a kare kai. Akwatin da aka ƙera don bege ya ɗauki fushi bai fashe ba.

Ina da roƙo ga malaman da ke koyar da ita. Sau da yawa ɗalibi yana fitowa daga aji da jerin adon harshe a hannu, ga kamantawa, ga siffantawa, ga mutuntawa, ga kambamawa, amma in ka tambaye shi me ya faru tsakanin ɗango na takwas da na tara sai ya yi shiru. A sa yara su karanta ta 17 da ta 18 da ta 19 a jere, da murya, sannan a kai su ta 126. A ba su Bakandamiya ko wata waƙar fada su ajiye a gefe, su nemo da kansu inda mawaƙan biyu suka haɗu da inda suka rabu. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya nuna mana da Daren Sha Biyu cewa wasan Shakespeare yana iya zama da gindinsa a Hausa. Ga marubuta waƙa da nake gani a wannan ɗaki kuwa, ƙwar huɗu da ƙwar biyu duk kayan gidanmu ne, karuruwan aruli kuma suna hannunku. Ina so in ga wanda zai gwada ɗango 14 da karin Mutaƙarab ko Kamil, ya sa juyinsa a ɗango na tara, mu ji yadda harshenmu zai ɗauki wannan ƙunci.

A nan zan dakata, in bar sauran lokacin ga masu tambaya da masu gyara.